Sanyi Yana Hawan Dutse: Sharhi a Kan Furen Tulif na Daji

  Yau ina roƙon ku ara mini kunnuwanku, mu yi doguwar tafiya zuwa gabas, zuwa wata nahiya wadda, ko da yake galibinmu ba mu taɓa taka ta ba, duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya sha jin sunayen biranenta: Buhara, mahaifar Imamu Buhari, da Tirmiz, wadda ake jingina Imamu Tirmizi gare ta, da Samarƙandu, wadda a kusa da ita kabarin Buharin yake. Gabas da waɗannan birane akwai jerin manyan duwatsu guda biyu, ana ce da ɗaya Tiyanshan, ɗayan kuwa Famir-Alai, sun ratsa ƙasashen Kirgistan da Kazakistan da Uzbekistan da Tajikistan. A jikin waɗannan duwatsu akwai wani fure mai tsirowa da kansa, babu mai shuka shi, babu mai ba shi ruwa. Sunansa tulif. A kansa za mu yi magana, da kuma abin da sauyin yanayi yake yi wa mazauninsa.

Maganata guda ɗaya ce, kuma za ku ji ina maimaita ta. Sanyin da wannan fure yake rayuwa da shi yana ƙaura, yana hawan dutse. Furen kuwa ba ya iya bin sa da sauri.

Bari mu fara da sanin shi kansa tsiron. Tulif yana da kai a ƙarƙashin ƙasa, dunƙulalle mai ɓawo, irin na albasar da muke sa wa a miya, kuma a cikin wannan kai yake tara abincinsa da ruwansa. Irinsa na daji sun haura saba'in a duniya, kuma babu inda suka taru da yawa kamar waɗannan duwatsu, shi ya sa masana tsirrai suka yi ittifaƙi cewa nan ne cibiyarsu. Akwai wanda ake kira tulif ɗin Gireg, furensa ja wur, babba, ganyensa da ɗigo-ɗigo masu duhu. Akwai na Kaufman, mai fari da rawaya, wanda yake buɗewa shimfiɗe idan rana ta haska shi. Akwai kuma waɗanda ba a samunsu ko'ina a bayan ƙasa sai a kwari ɗaya tak, ko a gangaren dutse ɗaya. Har a 2022 an bayyana wani sabon iri da aka gano kusa da Toktogul a Kirgistan, wanda ilimi bai san da shi ba kafin nan.

Mutanen wannan nahiya sun daɗe da sanin darajarsa. Sarki Babur, wanda aka haifa a Andijan cikin kwarin Fargana, wanda kuma ya kafa daular Mugal a Indiya a 1526, ya ambata a littafin tarihin rayuwarsa cewa ya sa an ƙirga masa launukan tulif a gindin duwatsun da ke kusa da Kabul, aka samu sun haura talatin. Daga gabas furen ya yi yamma, ya shiga lambunan sarakunan Turkawa a Istambul, har ya zama akwai wani zamani na Sarki Ahmad na Uku da masu tarihi ke kira zamanin tulif. Tun kafin wannan zamani ya ƙetara daga can zuwa Turai, ya zauna a ƙasar Holan, inda sha'awarsa ta kai mutane ga ciniki na wauta, farashi ya yi ta hauhawa har kasuwar ta rushe a 1637. Wannan ke nan a taƙaice, ba shi ne abin da ya tara mu ba.

Yanzu sai mu zo ga yadda yake rayuwa, domin a nan ne asirin mas'alar yake, kuma ina so ku bi ni a hankali. Shekarar tulif ta kasu kashi uku. Idan zafi ya tsananta, ƙasa ta bushe ƙayau, ciyawa ta ƙone, sai ganyensa ya mutu, kan ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa kamar babu shi, alhali kuwa a wannan lokaci ne ɗan ƙaramin furen baɗi yake ƙulluwa a cikinsa. Idan hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ta lulluɓe dutse, sai ya miƙa saiwoyinsa, ya zauna cikin sanyi makonni masu yawa, kuma wannan sanyi sharaɗi ne a gare shi, domin idan bai sha shi isasshe ba, karansa ba zai miƙe ba, furen zai fito a daƙushe ko ya lalace tun a ciki. Manoman Holan sun san haka sarai, har ɗakunan sanyi suke ginawa su ajiye kawunan a ciki wata uku ko fiye. Sa'an nan idan ƙanƙara ta fara narkewa, daga watan Maris zuwa Mayu gwargwadon tsayin wurin, sai ya ɓullo da gaggawa, ya yi ganye, ya yi fure, ƙudan zuma da ƙwari su ziyarce shi, ya ɗaura iri, duk cikin 'yan makonni, kafin zafi ya sake rufe ƙofa.

Ku lura da wani abu a nan. Tsohon kan nan ƙarewa yake yi wajen fitar da fure, sai ganye ya gina sabo a madadinsa. Wato kowace shekara tulif yana cinye jarinsa, ya sake tara wani a cikin waɗannan 'yan makonni na danshi. Idan makonnin suka gajarta, jarin ya ragu. Idan aka cinye ganyen, jarin ya ragu. Manomin albasa na Aliero ko na Galmi, wanda ya san cewa ganye ne ke ciyar da kai, ya kuma san cewa albasar iri ba ta fitar da fure mai kyau sai ta sha sanyin hunturu, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, balle ma albasar tamu asalinta daga wannan nahiya ta fito, kuma 'yan'uwanta na daji suna nan a duwatsun har yau.

To, wannan shi ne tsarin da Ubangiji Maɗaukaki ya ɗora wannan halitta a kai, zafi da gwargwado, sanyi da gwargwado, danshi a kan lokacinsa. Yanzu mu juya ga abin da ya canja.

Duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri ɗaya tun daga lokacin da ɗan Adam ya duƙufa ga ƙona gawayin ƙasa da man fetur, kuma tsakiyar Asiya tana cikin wuraren da ɗumin yake gudu fiye da matsakaicin na duniya. Shaidar da ido yake gani ita ce daskararriyar ƙanƙarar da ke kan ƙololuwar Tiyanshan, wadda masu bincike suka auna suka ga ta rasa kimanin rubu'in nauyinta a cikin shekara hamsin, daga 1961 zuwa 2012. Abin da wannan yake nufi ga tsiro mai sauƙin fahimta ne. Hunturu yana gajarta a gindin dutse. Inda dā dusar ƙanƙara ke sauka ta kwanta, ta riƙa narkewa sannu-sannu tana shayar da ƙasa, yanzu sau da yawa ruwa ne yake sauka ya gangare. Ɗumi yakan zo da wuri ya yaudari tsiro ya leƙo, sa'an nan wani sanyi na baya ya dawo ya ƙone tohon, tun da bargon ƙanƙarar da ke kare shi ya riga ya yaye. Zafi kuma yana saurin shigowa ya datse makonnin nan na tara jari.

Ina sanyin ya tafi? Ya hau sama. Ƙa'ida ce sananna cewa duk mai hawan dutse, iska tana ƙara yi masa sanyi, kimanin digiri ɗaya a kowace mita ɗari da hamsin. Ashe ke nan idan nahiya ta ƙara digiri ɗaya na ɗumi, yanayin da tsiro ya saba da shi ya tashi daga inda yake ya koma mita ɗari da hamsin a sama, kuma wannan tsayi ne na miƙe, wanda tafiyarsa a kan gangare ta ninka haka sau da yawa. Wasu masu bincike na Jami'ar Kambirij a Ingila, tare da takwarorinsu na Kirgistan, sun wallafa nazari a 2021, inda suka ɗauki wuraren da aka san wasu irin tulif suna tsirowa, suka gwada su da yanayin da ake hasashe zuwa 2050. Abin da ya bayyana gare su shi ne, wuraren da suka dace da waɗannan furanni za su ƙuntata ƙwarai, abin da ya rage kuma zai koma can bisa. Sanyi yana hawan dutse, jama'a.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, me zai hana furen ya bi shi? A nan nake so mu daɗe kaɗan, domin nan ne abin yake taɓa zuciyata. Tsuntsu idan wuri ya yi masa zafi sai ya tashi. Dabba sai ta yi tattaki. Tsiro kuwa ba shi da hanyar ƙaura sai ta 'ya'yansa, wato uwa ta mutu inda take, iri ya faɗi gaba kaɗan, ya girma, shi ma ya jefa nasa gaba kaɗan. Irin tulif fale-fale ne, mara nauyi, idan kwanson ya bushe ya tsage sai iska ta kaɗa shi ya zube, galibinsa a nan kusa da uwar, kuma abin da ya faɗi a gangare ya fi saurin yin ƙasa da yin sama. Wanda Allah ya nufa ya tsira, a shekararsa ta fari ganye ɗaya yake fitarwa, siriri kamar zare. Shekara bayan shekara yana ƙara ɗan kauri, yana tura kansa zurfi cikin ƙasa don ya tsere wa zafi, ba zai yi furen farko ba sai bayan shekara biyar ko shida, wasu irin na daji ma sai sun haura goma. Da yawansu kuma, irin su na Gireg, ba su cika 'ya'ya ta gefen kai ba, iri ne kaɗai madogararsu. To ku auna da kanku: halittar da taki ɗaya yake cin mata shekara goma, yaya za ta yi tsere da yanayin da yake sauyawa a cikin rayuwar mutum guda? Daga yau zuwa 2050, jikanya ko tattaɓa-kunne kawai za ta iya gani.

Kuma ko da ta iya hawan, dutse ba ya faɗaɗa ta sama, tsukewa yake yi. Ƙasar da ke can bisa ba ta da kauri, tsakuwa ce da fā, wuraren da ƙanƙara ta janye jiya-jiya ba su riga sun yi turɓayar da kai zai nutse a ciki ba. Wanda yake zaune kusa da ƙololuwa tun asali, ba shi da sauran inda za shi. Akwai kuma waɗanda matsalarsu ta fi wannan, su ne masu tsirowa a fili da bakin hamada, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kazakistan da ƙananan tuddan Fargana, inda babu dutsen hawa a kusa, sai dai tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa arewa. Sanyi yana ƙaura, furen ba ya iya bin sa da sauri.

Adalci ya wajabta in kawo muku hujjar masu ganin an cika tsoro, domin hujja ce mai nauyi. Suna cewa tulif ɗan wahala ne tun fil'azal, an halicce shi don fari da tsananin yanayi, yana iya kwanciya a ƙasa ya ƙi fure a muguwar shekara ya jira mai kyau, ya kuma ƙetare zamunnan ƙanƙara da na ɗumi tun kafin a rubuta tarihi. Suna cewa dutse yana da lunguna, gefen da ba ya kallon rana ya fi sanyi, kwazazzabo yana riƙe danshi, tsiro yana iya fakewa a nan kusa ba sai ya yi doguwar hijira ba. Wannan duka gaskiya ne, kuma a cikinsa ne fatanmu yake. Amma sauye-sauyen dā sun ɗauki dubban shekaru, na yau kuwa gomiya kaɗan, kuma a wancan zamani babu gona, babu hanyar mota, babu mahaƙar ma'adinai, babu garke a kan hanyar da tsiron zai bi. Haƙuri yana tsare tsohon kai ya daɗe a ƙasa. Ba ya haifar da sabo. Ana iya ganin gangare cike da jan fure shekara ashirin, mutane su ce lafiya lau, alhali tsofaffi ne kawai suke fure, babu na baya masu tasowa.

Wannan ya kawo mu ga hannun ɗan Adam, wanda shi ne ɓangaren da ake iya gyarawa tun yau. Kirgizawa makiyaya ne na asali, masu tumaki da dawaki da shanu, kuma al'adarsu ita ce su hau da dabbobi can bisa idan zafi ya zo, su sauko idan hunturu ya gabato. Da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, gandayen gwamnati suka watse, aka raba dabbobi ga iyalai, hanyoyi da gadojin zuwa makiyaya masu nisa suka lalace, sai talaka ya koma kiwo a bayan gari shekara duka, saboda ba shi da halin doguwar tafiya. Bayan garin nan kuwa, gindin dutse, shi ne mazaunin tulif, kuma lokacin da yake ɓullowa shi ne lokacin da dabba ta fito daga yunwar hunturu tana neman kowane ɗanyen ganye. Ban ga laifin makiyayi ba, wallahi, mutum ne mai neman abin da zai ciyar da iyalinsa. Haka yaran da ke tsinko furanni su sayar a bakin hanya, ba su san cewa wanda ya tsinke fure da ganyensa ya kashe irin bana ya kuma raunana kan baɗi ba. A 2009 Kirgistan ta yi dokar makiyaya wadda ta danƙa tsarin kiwo ga kwamitocin mazauna karkara, kuma ta wannan ƙofa masu kishin furen suka shiga, suna zama da makiyaya, ana shawarar a jinkirta shigar da dabbobi wani gangare 'yan makonni har iri ya nuna ya zube, a kuma riƙa hutar da fili bi da bi. Makiyayin da ya yi haka ciyawarsa ma ta fi kyau. A 2022 aka shigar da irin tulif na wannan nahiya fiye da hamsin cikin kundin duniya na halittun da ake auna haɗarin ƙarewarsu, aka samu kimanin rabinsu suna cikin haɗari.

Wani zai ce, ai sai a killace musu wuri. An yi, kuma tun da daɗewa. Gandun Aksu-Jabagili na Kazakistan, wanda ya shahara da tulif ɗin Gireg da na Kaufman, an kafa shi tun 1926. Keɓe hurumi ba baƙon abu ba ne a shari'armu, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Sai dai ga inda sauyin yanayi ya kawo sabuwar mas'ala: hurumi yana da iyaka tsayayya, an shata ta a kan inda furen yake jiya, alhali mazauninsa na gobe yana iya faɗawa a wajen shingen, ko ma a cikin wata ƙasa dabam, tun da iyakokin wannan yanki sun sarƙe da juna, kwari ɗaya ƙasa uku. Abin da tsiron yake buƙata ya yi kama da burtali: ba makiyaya kaɗai ba, har da buɗaɗɗiyar hanya daga wannan makiyaya zuwa waccan, daga gindin dutse har bisa, wadda ba a nome ta ba, ba a toshe ta ba. Mu da muka ga abin da toshe burtali ya jawo a ƙasarmu, mun san nauyin wannan magana. An fara taka matakin haɗa kai tsakanin ƙasashen a 2016, lokacin da Kazakistan da Kirgistan da Uzbekistan suka haɗa gandayensu na yammacin Tiyanshan a ƙarƙashin suna ɗaya cikin wuraren gadon duniya na UNESCO. Ana kuma tara iri a adana, ana renon tsirrai a lambunan bincike na Bishkek da na Kambirij, har wasu suna tunanin a ɗauki kawunan da hannu a kai su can sama inda ba za su iya kai kansu ba. Ina ganin wannan na ƙarshe magani ne na larura, a yi shi da taka-tsantsan, kada ya zama dalilin sakaci da dutsen kansa.

Saura tambaya ɗaya, wadda na san tana ran wasunku. Tun da gonakin Holan suna fitar da kawunan tulif dubban miliyoyi kowace shekara, mene ne abin damuwa idan na daji ya ragu? Amsa ita ce, na gona yawa gare su, amma bambancinsu kaɗan ne, domin kowane launi ɓantare shi ake yi daga kai guda, gona sukutum tamkar tsiro ɗaya ce, cutar da ta kama ɗaya ta kama duka. Akwai wata ƙwayar cuta da darɓa ke yaɗawa, wadda ita ce ta riƙa zana wa furanni ratsi-ratsin da ya ruɗi 'yan kasuwar 1637, tana ƙawata fure tana kashe kai. Da masu kiwon iri suka nemi jinin da zai jure mata, a wani tulif na daji daga duwatsun Samarƙandu suka same shi. Juriyar fari da juriyar zafi da gonakin gobe za su nema, su ma a can suke. Ban da wannan ma, ni a wurina, halittar da Allah ya ƙaga ya ajiye a kwari guda, ba ta da na biyu a duniya, amana ce a wuyan mutanen zamaninta, ko tana da kasuwa ko ba ta da ita.

Jama'a masu sauraro, kafin in sallame ku ina da roƙo. Mu ma a dajinmu akwai masu kai a ƙasa, irin su albasar kwaɗi da ke fitar da farin fure mai jan ratsi a fadama da farkon damina, da rumana, da sauran waɗanda tsofaffi da makiyaya da masu magani suka fi mu sanin sunayensu. Abin da ya ba masu binciken tulif damar gane inda mazauninsa ya dosa shi ne, wasu mutane tun shekaru aru-aru sun rubuta inda suka ga kowane fure da ranar da suka gan shi. Don Allah, malamin makaranta, ka sa ɗalibanka su yi haka a bana. Su tambayi kakanninsu inda ake samun waɗannan tsirrai dā, su je su duba ko suna nan, su rubuta wuri da wata da rana a littafi, a ajiye a makaranta. Mai haƙar magani kuma, idan ka tarar da guda biyar, ka ɗauki ɗaya ka bar huɗu su yi iri.

Allah ya ba mu damina mai albarka.